Ma'aikacin da takarda ke ba wahala: tambayoyi da amsoshi kan disleksiya a wurin aiki

Ni ke kula da ma'aikata a wani kamfanin kayan sola nan cikin Katsina, wajajen Ƙofar Ƙaura. Tun da wani abu ya faru tsakanina da yaronmu na sito, duk majalisar da na zauna sai na tada maganar disleksiya, to shi ne mutane ke ta jefo mani tambayoyi, masu shaguna, shugabannin sashe a sakatariya, har da ma'aikatan da abun ke damu su kansu amma ba su taɓa gaya ma kowa ba. Ga waɗanda aka fi yi mani, da amsar da nake badawa.

Wai mene ne ma disleksiyar nan?

Wahalar karatu ce da rubutu wadda tushenta ke cikin yadda ƙwaƙwalwa ke haɗa baƙi da sautin shi. Ka tuna lokacin babbaƙu da farfaru a makarantar allo, ana nuna ma baƙi ana faɗin sunan shi har ya zauna, daga baya ido na sauka kan kalma baki ya faɗe ta ba sai an yi tunani ba. To mai disleksiya wannan haɗin ne bai zauna mashi da sauƙi ba, ko ya girma ya yi digiri sai ya riƙa harhaɗa kalma kamar yau ya fara ganinta, karatun na tafiya a hankali kuma yana cin ƙarfi sosai, rubutu kuwa kalma ɗaya sai ya rubuta ta iri uku a shafi ɗaya. Sau da yawa akwai kuma wahalar riƙe dogon jeren abu a ka, kamar a zayyano mashi saƙo biyar a tsaye ko ya kwafi doguwar lamba daga takarda zuwa takarda.

Da ita ake haihuwar mutum kuma tana bin dangi, in ka bincika sai ka iske baban ko wani kawu haka yake. Wani likitan ido Bajamushe, Rudolf Berlin, shi ya raɗa mata sunan a 1887. Ƙungiyar disleksiya ta Birtaniya na ƙiyasin mutum 10 cikin 100 na da ita, 4 cikin 100 tasu mai tsanani ce. In ka auna da wannan lissafin, ma'aikatar da ke da mutum talatin da wuya a rasa biyu ko uku.

Gaskiya dai ba daƙiƙanci ba ne aka canza ma suna?

Wannan tambayar ita ta fi yi mani ciwo don da sunan nan aka kashe ma yara da yawa zuciya. A'a. Disleksiya ba ta da alaƙa da kaifin basira. Tun 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin yaro ɗan shekara 14 da malamin shi ya ce da baki kawai ake koyarwa da shi ne zai fi kowa a makarantar, amma ko sunan shi bai iya rubutawa daidai.

Amma akwai inda dole a bambance. A nan wurinmu mutum da yawa ba su iya karatu da kyau don makarantar da suka yi ba a koya masu ba, aji ɗaya yara ɗari malami ɗaya, wannan daban ne, in aka zaunar da mutum aka koya mashi zai ɗauka. Mai disleksiya an koya mashi, ya yi lesin, ya sha bulala, ƙannen shi da suka zauna aji ɗaya duk sun wuce, shi kuma har yau takarda na tsaya mashi a wuya alhali a magana da aikin hannu da lissafin ka ba ka kama ƙafar shi.

Ya zan gane ma'aikacina na da ita?

Bari in ba ku labarin namu. Yaron na riƙe da sito, batura da inbata da fanel duk hannun shi suke bi. Sau uku lambar da ya rubuta a webil, wato takardar fitar da kaya, ba ta dace da ta jikin kaya ba, sai Alhaji ya kira ni ya ce Malam, yaron nan fa a duba shi, kaya na fita ba bisa ƙa'ida ba. Ni ma zuciyata ta tafi can. Na ba shi kweri na ce ya amsa a rubuce kafin gobe. Da safe ya kawo mani layi huɗu, takardar duk gogewa har ta huje, idanun shi ja alamar bai yi barci ba. Na ce to karanta mani abun da ka rubuta, sai ya aza yatsa kan layin yana bi baƙi baƙi, leɓen shi na motsi kafin sauti ya fito, zufa na keto mashi alhali sanyin Janairu ake. Sai na kife takardar na ce bar wannan, gaya mani da baki. Wallahi a tsaye ya lissafo mani duk batirin da ya fita cikin wata biyu, wanda ya tafi Dutsin-Ma, wanda aka kai Mai'adua, direban da ya ɗauka, har wanda aka dawo da shi don kan shi ya fashe. Muka shiga sito muka ƙirga, ko waya ɗaya ba ta ɓata ba. Lambobin ne kawai ke kuɓuce mashi wajen kwafa. Har yau in na tuna cewa saura kaɗan mu sa ma yaron nan sunan ɓarawo sai jikina ya yi sanyi.

To alamun kenan. Mutum mai kaifi a baki amma in aka ce ya rubuta rahoto sai ya yi ta ja har sati. A mitin in an miƙo takarda a karanta sai ya ce ya manta gilashi ko ya fita amsa waya. Ka tura mashi rubutu a WhatsApp ya amsa da murya ko ya kira ka, kullum. Fom ɗin banki sai ya ce zai je gida da shi. Sai dai alama ba hukunci ba ce, kar ka je ka tsare mutum ka ce kai kana da kaza. Tambaye shi kawai, kai da shi, wane ɓangare na aikin nan ya fi ba ka wahala?

Ciwon ido ne? Ko jifa? Akwai magani?

Ba ciwon ido ba ne, duk da yana da kyau a gwada idon don kar a haɗa matsala biyu. Ba jifa ba ne, ba taɓin hankali ba ne. Babu ƙwaya ko allurar da ke cire ta, kuma duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai warkar da ita cikin wata ɗaya ku riƙe kuɗinku. Abun da ke aiki shi ne koyarwa ta musamman mai bin sauti da baƙi daki daki, irin tsarin Orton da Gillingham da aka fara a Amurka tun shekarun 1930, babba ma na amfana da shi, sai kuma gyara yanayin aiki.

To ya aka yi yana karanta Hausa ba laifi amma turanci ya gagare shi?

Saboda rubutun boko na Hausa kusan yadda aka faɗa haka ake rubutawa. Turanci kuwa baƙi 26 ne ke ɗauke da sauti wajen 44, dubi though da through da tough, ƙarshensu iri ɗaya a ido amma kowanne da yadda ake faɗin shi. A 2001 mujallar Science ta buga wani bincike da ya gwada masu disleksiya a Italiya da Faransa da Ingila, aka iske abun da ke faruwa a ƙwaƙwalwarsu iri ɗaya ne, amma 'yan Italiya sun fi karatu daidai don rubutunsu na bin furuci. Hausar ma tana da nata tarkon, b da d da ɓ da ɗ sun yi kama, kuma ba mu nuna tsawon wasali ko karin sauti, gari na zama da gari na tuwo duk rubutu ɗaya, sai jimla ta raba. Amma dai ta fi sauƙi nesa. Shi ya sa in aikin bai wajabta turanci ba, ka bar mutum ya rubuta ma da Hausa, bayanin kake nema ai.

Me zan canza a wurin aiki? Ba ni da kuɗin kashewa fa.

Yawancin abun ko sisi ba ya ci. Mu ga yadda muka yi.

Saƙon aiki da baki ake fara ba shi, sannan a bi da gajeren rubutu ko saƙon murya da zai iya sake saurare. Kuma ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsaya bakin ƙofa ka ce ka je banki ka biya ta Ƙofar Guga ka amso rasit ka kira wane sannan ka rubuta mani kaza ba, kafin ya hau mashin biyu sun zube. In ka gama ka ce maimaita mani, ba da sigar tuhuma ba, mu yanzu kowa ma haka muke ma shi har ni.

Kwafar lamba da hannu mun daina gaba ɗaya. Hoton lambar jikin kaya ake ɗauka da waya a tura, akawu ta shigar. Lambar asusun banki ma haka, ba a karanto ta a waya, turowa ake a kwafa a liƙa, kuma kafin a danna tura kuɗi sai an faɗi sunan da ya fito da ƙarfi.

Takardar mitin a ba shi tun jiya, kar a miƙa mashi a zaune a ce me ka gani. Kuma don Allah kar a ce wane karanta mana a gaban jama'a sai in shi ya nema, wannan abun na maida babban mutum mai iyali ɗan aji uku a take. Ɗaukar bayanin mitin a ba wani, shi a bar shi ya saurara ya yi magana, don sauraro da rubutu lokaci ɗaya na cinye mashi duka biyun.

In za a buga takarda a yi ta da rubutu mara ƙawa irin Arial, girma 12 zuwa 14, a buɗa tsakanin layuka, gajerun sakin layi, kar a rubuta jimla duka da manyan baƙaƙe, kar a kwantar da rubutun. Wasu sun fi jin daɗin takarda mai ruwan madara kan fara fat mai ɗaukar ido. Akwai nau'in rubutu da ake tallatawa wai na masu disleksiya ne, binciken da aka yi bai nuna ya fi sauran ba, in mutum na son shi to, amma kar ka ɗauka ka gama taimako don ka sa shi.

Sai lokaci. Rahoton da wani zai yi cikin awa ɗaya shi a ba shi biyu, da wuri mara hayaniya, ba kusa da janareta da masu shigowa gaisuwa ba.

Waya da kwamfuta fa, suna taimakawa?

Sosai. Microsoft Word na da wurin da zai karanta ma takarda da murya, da wurin da za ka yi magana ya rubuta, wayoyin Android da iPhone duk suna iya karanto abun da ke kan allo, ga mai gyara kuskuren rubutu. Da turanci suka fi ƙwarewa, kuma dama turancin ne ya fi ba mutanenmu wahala a ofis. Ga Hausa kuwa saƙon murya ya wadatar, ni na amince da shi a matsayin rahoto, in ana buƙatar shi a fayil sakatariya ta buga.

Ana cewa suna da wata baiwa ta musamman, gaskiya ne?

Da gaskiya a ciki amma a yi hattara. Richard Branson mai kamfanin Virgin na da ita kuma ya bar makaranta yana shekara 16. Ingvar Kamprad da ya kafa kamfanin kayan ɗaki na IKEA a Suwidin a 1943 shi ma haka, lambobin kaya na rikita shi sai ya riƙa raɗa ma kujeru da gadaje sunayen garuruwa da na mutane, har yau haka kamfanin ke yi. Hukumar leƙen asirin sadarwa ta Birtaniya, GCHQ, ta fito fili ta ce tana neman masu disleksiya saboda yadda suke hango alaƙa tsakanin abubuwa, kuma a 2022 LinkedIn, dandalin ma'aikata da masu neman aiki na intanet, ya sa tunani irin na masu disleksiya cikin ƙwarewar da mutum zai iya lissafawa a shafin shi.

Abun da ni na gani da idona, mutumin da ya shekara ashirin yana neman hanyar kewaye takarda ya koyi abubuwan da mu ba mu koya ba. Yana riƙe abu a ka don bai dogara da littafi ba, ya iya bayani da baki, ya san wa zai ba wane aiki, yana karantar fuskar mutum. Yaronmu in ya shiga gida ya ɗaga kai ya dubi rufi, kafin injiniya ya buɗe kwamfuta ya faɗi inda fanel za su zauna da inda inuwar bishiya za ta faɗo da la'asar.

Amma ba kowane mai disleksiya ne Branson ba, kuma bai kamata sai mutum ya nuna abun mamaki sannan a mutunta shi ba. Wani ma'aikaci ne kawai mai riƙon amana da ke son a bar shi ya yi aikin shi. Kar ka yanke ma mutum baiwar shi daga abun da ka karanta, ka zauna ka lura da inda hannun shi ya faɗa.

Dabarar Kamprad ɗin nan ma mun ara. Kantocin sitonmu da lambobi suke, yanzu sunan ƙofofin gari muka sa masu, batura na Ƙofar Soro, inbata na Ƙofar Marusa, wayoyi na Ƙofar Sauri. Sababbin yara ma sun fi saurin gane wuri da haka.

Sauran ma'aikata ba za su ce ana son kai ba?

Za su ce, in ka yi abun a matsayin alfarma ga mutum ɗaya. Mu sai muka maida yawancin gyaran na kowa, hoton lamba kowa, saƙon murya kowa, takardar mitin tun jiya kowa. Sannan rabon aiki ya zama musaya a fili: akawunmu ta fi kowa tsaftar rubutu amma ba ta son fita wurin kwastoma, shi kuma nan ne gidan shi, to ita ta karɓi leja shi ya karɓi zagayen duba aiki da koya ma sababbi. Kowa ya ga nauyin da ɗaya ya ɗauke ma ɗaya, hannu ɗaya ai ba ya ɗaukar jinka. Abun da ban yarda da shi ba shi ne tsokana, ranar da wani ya ɗauki hoton rubutun shi ya sa a guruf ana dariya, a ranar na kira shi ofis, kuma ba a sake ba.

Ni ke da matsalar. In gaya ma oga ko in yi shiru?

Ɗan'uwa wannan shawararka ce, ba wanda zai tilasta ka. Ni dai abun da na gani, ɓoyewar na cin rai fiye da matsalar, kuma in kuskure ya taru ba a san dalili ba sai a fassara shi da sakaci ko rashin gaskiya. In za ka faɗa, zaɓi lokacin da ba a cikin rigima, kai da shi kawai, kuma ka je da mafita a hannu: ranka ya daɗe, rubutu na ɗaukar mani lokaci, in za a riƙa turo mani takarda da wuri kuma a bar ni in kawo rahoto da murya, za ka ga bambanci. Ba dole ka ambaci sunan abun ba ma.

Kai kuma oga, in an gaya ma amana ce. Ba labarin majalisa ba ne, ko mataimakinka sai da izinin mai abun.

Doka ta ce wani abu?

Akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa ma hannu a Janairun 2019. Ta haramta nuna wariya saboda nakasa, ta sa tarar naira miliyan 1 ga kamfani, mutum ɗaya kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun, ta kuma ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, sannan a 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da wannan. A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 ta wajabta ma mai ɗaukar aiki ya yi gyaran da ya dace.

In kuskuren shi ya jawo asara fa, sai in ƙyale?

A'a, disleksiya ba lasisin sakaci ba ce, kuma su kansu ba su son a ɗauke su haka. Amma ka fara tambayar kanka, na gyara hanyar aikin ko na bar shi da abun da na san zai kada shi? Akwai shari'ar da aka yi a Landan, labarinta ya fito a 2016, wata ma'aikaciyar kamfanin shagunan kofi na Starbucks mai disleksiya ta yi kuskuren rubuta awon sanyin firij da zafin ruwa a rajista, aka zarge ta da ƙirƙirar bayanan ƙarya aka maida ta kan ƙananan ayyuka, kotun ma'aikata ta ce kamfanin ne da laifi don bai yi mata gyaran da ya kamata ba. Da na karanta sai na ga webil ɗinmu sak. In an yi gyara kuma mutum ya ƙi bin tsarin, misali an ce ɗauki hoto ya ƙi, to wannan a hukunta shi kamar kowa. Kweri kuma a ba shi damar amsawa da baki a gaban shaida, a rubuta, a karanta mashi, sannan ya sa hannu.

Wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma fa?

In aikin haɗa waya ne to a gwada mutum da waya, ba da insha'i ba. In jarabawar rubutu dole ce a ƙara mashi lokaci, a Birtaniya kashi 25 cikin 100 aka saba ƙarawa, ko a karanta mashi tambayoyin. Mutane nawa ne suka tsufa a mataki ɗaya a ma'aikatunmu don tsoron jarabawar ƙarin girma, alhali su ke koya ma waɗanda ake ɗorawa a kansu aiki.

Ina ake gwaji, kuma sai an yi gwajin za a taimaka?

Masana halayyar koyo da malaman ilimi na musamman ke yin shi, ba gwajin jini ba ne, zama ne na 'yan awoyi ana duba karatu da rubutu da yadda mutum ke rarrabe sauti da riƙe abu a ka. A kusa da mu Jami'ar Bayero ta Kano na da sashen ilimi na musamman, Jami'ar Jos ma haka, nan ne wurin fara tambaya. Amma kar ka jira takardar shaida kafin ka daina sa mutum karatu a gaban jama'a.

Namu yaron sai bayan wata bakwai ya samu zuwa Kano, kamfani ya biya kuɗin mota. Da ya dawo ya shigo ofis ya aje mani sakamakon a tebur ya ce Malam karanta mani, a hankali. Na karanta mashi shafi uku yana sauraro bai ce komai ba. Da na kai ƙarshe sai ya ce in ba shi kwafi ɗaya, zai kai ma mahaifiyar shi a Daura ranar Juma'a, ƙanwar shi ta karanta mata.